Matar da ta saɓa ƙwarya a kafaɗa

Jiya a Bici, kakata Inna tana ɓarar gyaɗa, sai na nuna mata a wayata wani tsohon hoto da ake ta yaɗawa. Wai tun kafin Turawa su ci Kano aka ɗauke shi, ni dai ban tabbatar ba. Wata mata ce a bakin gona, ga rumbuna a bayanta, ta saɓa ƙwarya a kafaɗa.

Inna ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo.

"Wannan tamu ce," in ji ta.

Na ce, "Inna, kin san ta ne?"

"Ina zan san ta? Dubi kafaɗar. Matan Maguzawa ba sa ɗora kaya a ka. Haka uwata take ɗauka har ta rasu, ko bayan ta musulunta. In za mu shiga kasuwa sai in ja baya, don kada a ce uwata ce."

A gidan nan na girma, ban taɓa jin zancen ba.

Ta miƙo min wayar, ta koma kan gyaɗarta. Can sai ta ce, "Kada ka goge shi."

Uwar Inna ba ta bar hoto ko ɗaya ba, sai dai wannan baƙuwar ta tsaya a madadinta.

Ku fa, wane zance hoto ya taɓa tonowa a gidanku?