Ƙwallon Dabinon Kawu

Jiya ina share garejinmu na unguwar Utaibiyya na tsinci ƙwallon dabinon da marigayi Kawu yake rage iskar taya da shi. Kafin kowane tseren motoci a filin turɓaya na bayan gari, sai ya damƙi ƙasa ya murza, sannan ya danna bakin tayar da ƙwallon, ya kasa kunne ga hucinta. Yakan ce, "Ƙasa ake tambaya, ɗana, ba inji ba."

Fitarmu ta ƙarshe, motoci uku kacal suka zo, samari duk sun koma tsere a kan kwalta. Na ce, "Taso Kawu, mu koma gida."

Ya harare ni. "Ko mu kaɗai ne, sai ƙura ta tashi."

Juma'ar nan zan fito da motarsa, ko ni kaɗai ne. Allah Ya sanyaya ƙasar da kake kwance a ciki, Kawu.