Hannun Elvis

Mijina Dung nas ne a Upper Marlboro ta Amurka, amma ka taɓo masa zancen gudun harsashi, tuwonka zai huce a gabanka. Mahaifinsa maharbi ne a Vom, da yatsa yake auna albarushi, har ranar da bindigar ta fashe ta tafi da yatsunsa biyu. Dung yana ɗan shekara tara ya ga jinin. Shi ya sa da ya fara farautar barewa a Virginia, yana ɗura harsasansa da kansa, bai yarda da ƙiyasi ba.

Na'urar auna gudu har uku ya tara mini a gareji. Ta farko mai ido biyu ce, harsashi ke wucewa ta kanta. In rana ta yi ƙarfi sai ta ruɗe, kuma sau ɗaya gwanin nawa ya harbe mata ƙafa. Ta biyu mai maganaɗisu ce, a bakin bindiga ake ɗaura ta. Ba ruwanta da rana, sai dai tana karkata saiti. Ta uku rada ce mai hango harsashi daga nesa, tana zaune gefe kamar uwar gida, amma wani lokaci takan kama harbin na kusa da kai. Ranar da ta iso, rawa ya taka a kicin.

Sai ƙanena Elvis ya koyi ɗurin, ya riƙa ƙara albarushi don harsashi ya yi nisa. Dung ya auna masa da mai ido biyu, gudun ya zarce iyakar da littafin ɗuri ya yarda.

"Yaya, rana ce ta ruɗe ta," in ji Elvis yana dariya. "Asabar zan shiga daji da su."

Ni kam tsoro ya kama ni, don na san hannun surukina, mahaifin Dung. Ranar Juma'a Dung ya kwashe mu da na'urorin duka zuwa filin harbi. Ya jera su yana ta zuba bayani. Ya ɗaure bindigar a kan teburi, ya sa igiya a kunamar, muka ja baya. Harbi ɗaya, uku suka amsa, bambancin gudun da suka nuna bai kai ƙafa ashirin a daƙiƙa ba. Duka sun zarce iyakar littafin da kusan ɗari biyu. Kwanson ma da ƙyar ya fito.

"To, wacce rana ta ruɗe yanzu?" Dung ya tambaya.

Elvis ya fasa shiga daji. Yinin Asabar a garejinmu ya yi shi, yana kwance harsasai ɗari da hamsin ɗaya bayan ɗaya. Da yamma Dung ya kira babansa ta bidiyo ya ba shi labari. Tsohon ya ce Elvis ya nuna masa hannunsa. Ya ƙirga a hankali, sannan ya ɗaga nasa.

"Biyar ne, yaro. Ka riƙe abinka."