Hoton Ɗakina da Kwanukan Aro

Shekarar da aka kawo ni Jos, yayata da ke Kano ta aiko da wasiƙa, wai ta ji an ce ba komai a ɗakina sai gado da sanyi. Ni kuwa ba a yi mini haka in kwana. Na rantse sai ta ga jere da idonta.

Abin haushin, gaskiya ta faɗa, kwanukana ba su kai goma ba. Sai na bi maƙwabta a Dilimi ina aro. Matar mai tireda ta ba ni jajaye, wata Bafillatana ta ba ni koraye masu fure, matar direba ta ciro mini wata ƙatuwar langa ruwan ɗorawa, tana ta jan kunnena kada ta kwarzane. Kwana biyu ina jere, in sa ja kusa da kore, in ja da baya in duba, in sauke in sake.

Maigidana ya ɗauko mai hoto daga Gada Biyu. Na ce masa ban da ni, kwanuka zai ɗauka, kuma ya tabbatar jan nan ya fito sosai. Ya dube ni, ya dubi maigidan, ya ce to madam. Shi kuwa maigidan nawa ya san komai, sai ya kau da kai.

Da hoton ya zo, baƙi da fari ne. Ja ya zama toka, kore ya zama toka, langar matar direba ma toka. Na yi masifa har muryata ta dishe. Da na huce na sake dubawa, sai na ga hasken taga ya kwanta a kan daɓe, bakin kowane kwano yana ƙyalli, har saƙar tabarma ana iya ƙirgawa. Kullum ina share ɗakin nan, ban taɓa sanin yana da kyau haka ba. Na aika wa Yaya, na mayar wa kowa kayanta.

Abin da ban lura ba, a ƙasan hoton kujerar tsugunno ta marigayiya Inna ta fito ɓaro-ɓaro. Na ɓoye ta cikin kayan aurena ban gaya wa kowa ba, Yaya kuwa ta shekara tana nemanta.

Ba ta ba da amsa ba, da kanta ta zo, hoton a hannu. Ta dubi hoton, ta dubi bango, ta sake duban hoton. Na ce kwanukan duk an fitar da su wanke-wanke. Kunya kamar in nutse.

Ta zauna a kan kujerar, ta daɗe tana shafa gefen da hannun Inna ya goge. Washegari ta ɗaure ta cikin zani za ta tafi, sai ta miƙo mini hoton.

"Riƙe wannan, ƙanwata," in ji ta. "Ke ma ki riƙa ganin kwanuka."

Yana nan a wurina har yau. Kujerar nake kallo.