Ranar da Na Amsa wa Fassuma Tambayar Majo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Fassuma. Duk kaka, da na ga an fara ɗaure dammunan gero a kwarin Tarka sai zuciyata ta yi nauyi, don a irin wannan lokaci muka rasa ta. Na daɗe ina son in rubuta labarinta ina fasawa, saboda akwai nawa laifin a ciki.

Tun tana budurwa take fama da ciwon mara. Kwana biyu kafin al'adarta ta zo za ta fara tafiya a duƙe, in ta zo kuwa ko tulu ba ta iya ɗagawa. Mu a gidanmu suna ɗaya muka sani, sanyi. Mara ta murɗa, sanyi. Baya ya riƙe, sanyi. Haihuwa ta yi jinkiri, shi ne dai. Ta sha jiƙo da sassaƙe har ta ƙosa, ta sha ƙwayoyin 'yan tebur masu sayar da magani a kasuwa, allura kam ba a magana. Wasu suka ce raki ne, wasu suka ce da ta yi aure zai wuce. Ta yi auren, bai wuce ba. Shekara tara tana ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Duk da haka ita ce mai ba'a a cikinmu. Takan ce da ni, "Yaya, ke kin yi lakwal kin ƙoshi da boko, ni na yi ciwon mara, kowa da karatunsa."

Ni malamar makaranta ce a Tanut, kuma ni ce mai baki a gidan. Duk wanda za a kai likita ni ake jira, tun da ina jin Faransanci kuma ba na tsoron farar riga. Na saba yi wa mutane bayanin ciwonsu tun ba su buɗe baki ba, ina ganin taimako nake yi.

Wata Asabar na zo ƙauye, da hantsi aka aiko cewa Fassuma ta faɗi a bakin turmi. Na same ta kwance tana gumi mai sanyi, ta dafe gefen dama na mararta, tana cewa har kafaɗarta take jin ciwon. Ban taɓa jin ta ambaci kafaɗa ba, amma ban tsaya na yi tunani ba. Ni da uwar mijinta muka ɗora ta a amalanke zuwa likita, ƙaramin asibitin ƙauyen. Majo, wato babban mai jinya na wurin, ya dube ta ya ce, "Yaushe rabonki da ganin al'ada?"

Ta ɗaga ido ta dubi surukarta, ta sunkuyar da kai. Sai na yi caraf na ce, "Majo, ciwonta ne na kowane wata, mun saba. A yi mata allurar da aka saba yi."

Ya ce, "Madam, ki bari ta faɗa da bakinta."

Na ce, "Kunya take ji. Ni yayarta ce, ba abin da ban sani ba nata."

Ya yi allurar, ya ce in bai lafa ba mu dawo. Da la'asar ta suma, cikin idonta ya yi fari fat. Aka saka mu a mota zuwa Tanut, daga can aka tura mu Damagaram. A hanya ta farfaɗo, ta kama hannuna ta ce, "Yaya, wata biyu ban gani ba. Na so sai ya yi ƙwari in faɗa miki." Wace 'yar yankinmu na Damargu ce za ta ambaci cikin fari a gaban uwar miji? Ni da na fi kowa sanin wannan, ni na bar surukar a ɗakin, na kuma cika shirun da maganata.

An yi mata aiki, washegari da safe ta cika. Likitar da ta yi aikin, mace ce, ta zaunar da ni ta ce cikin bai kai mahaifa ba, a hanya ya tsaya ya girma har hanyar ta fashe, jini ya cika cikinta. Ta ce sun tarar da wani abu kuma: irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ya tsiro a waje, ya manne wa hanji da ƙwan haihuwa. Sunansa endometiriyoz. Shi ne ciwon da ke bin wata, kuma mai yiwuwa shi ya lalata hanyar. Ta ce ciwon mara ba ɗaya ba ne. Wanda muke kira sanyi yakan zo da zazzaɓi da ruwa mai wari, na mafitsara da zafin fitsari, ƙari a mahaifa kuma da nauyi da zubar jini mai yawa. Ana fara rarrabe su ne da abin da mai ciwon ta faɗa da bakinta.

Nakan tambayi kaina, da Fassuma tana nan me za ta ce da wannan zamani? Yanzu mata na jin labarin hoton ciki, wasu ma na zuwa birni a yi musu. Amma wayoyinmu cike suke da muryoyin masu tallan maganin sanyi, gora ɗaya mai warkar da komai. Ina jin dariya za ta yi, ta ce 'yan tebur sun samu waya. Har yau kuma mace na shiga ɗakin majo da 'yan rakiya biyu uku, kowa na bakinsa yake faɗa.

Ba ta bar ɗa ba. Kayan ɗakinta an raba, mijinta ya yi wani auren, ban ga laifinsa ba. Yaran gidan da aka haifa bayanta sunanta kawai suka sani. Ina yi mata addu'a, Allah Ya jiƙan ta, na kuma san kwananta ne ya ƙare, amma sanin hakan bai sauke mini nauyin ba. Abin da ya rage nata, a wurina yake. Har yanzu ni ake jira idan za a kai mace likita. Ina kai ta har ƙofa, in ja hannun uwar miji mu fito tare, mu zauna a benci. Wani lokaci nakan ji shirun ya yi tsawo a ciki, bakina ya yi ta ƙaiƙayi. Sai in riƙe bencin da hannu biyu, in jira.