Gurjiya Ɗaya a Gora

Inna Zinariya ta Yashe, maƙwabciyata, ta haura tamanin, kuma har yau ba ta ga abin da agogo zai gaya mata ba. Da aiki take auna lokaci: dakan fura, jiƙon kanwa, dahuwar wake. Ga gardama kamar ta ci babu.

Tana shekara shida mahaifinta ya tafi Makka a ƙafa. Kowace safiya uwarta takan jefa gurjiya ɗaya a gora, tana lissafin kwanakin da ya yi a hanya. Sai da gora biyu suka cika, na uku ya yi rabi, kafin wani fatake ya kawo labarin ya isa. Abin da Inna ta sani game da hanyar Makka ke nan, ba wanda ya isa ya sauya mata shi.

Bana sai autanta Abdulmannan, malamin Islamiyya a Kusada, ya sami kujerar Hajji. Gida ya kaure da murna, ita kuwa ta daina cin abincin kirki. Tsoronta ɗaya: kada ƙasa ta rufe mata ido kafin ta ji ya sauka lafiya.

"Inna, daga Katsina zuwa Madina kilomita dubu uku da ɗoriya ne," in ji shi. "Jirgi ba ya wuce awa biyar."

"Mi kake faɗi? Kankia ma, ranar kasuwa, wuni nake yi. Kai dai tahi, Allah shi kiyaye, amma kada ka maishe ni yarinya."

Ranar tashinsu da hantsi ta fito da wani ƙaton gora da tiya biyu ta gurjiya. Na ce, "Haba Inna, wannan ai sai mai zuwa bangon duniya." Ta harare ni, ta yi bismilla, ta jefa ta farko. Wallahi ta ba ni dariya, ta kuma ba ni tausayi.

Mun idar da la'asar ke nan wayar Murja, matar Abdulmannan, ta yi ƙara. Sai ga fuskarsa a ciki, ga fararen laimomin masallacin Annabi a bayansa.

"Inna, mun iso!"

Inna ta ƙura wa wayar ido. Can ta jawo goran, ta kai shi kusa da wayar, ta girgiza. Ƙwaya ɗaya tal ta yi ƙwal-ƙwal a ciki.

"Ka ji, ɗan nan? Guda ɗaya! Uwata ta cika biyu da rabi."

Ta fashe da kuka, kukan ya koma dariya, Murja ta rangaɗa guɗa. Sannan Inna ta turo mini sauran gurjiyar da ƙafa.

"Ke mai baki, ɗora tukunya. Ba ni da sauran abin ƙirgawa."