Kaset ɗin Yaya Habu da Na Shafe

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai yayana Habu Baƙi'a, maƙabartar da ke gefen Masallacin Annabi. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara, kuma wani fim ne ya jawo.

'Yarsa Ruƙayya ce ta zo gidana a unguwar Khalidiyya wata Juma'a bayan la'asar, ta kunna mini shi a talabijin. Tarihin rayuwar wani baƙar fatan Amurka ne, cikin waɗanda suka fara kiɗan nan da ake kira rok an rol. Ni mai haɗa magani ne, ban san kan jita ba, amma ba a yi minti goma ba na gane waƙoƙin. Irinsu ne Yaya Habu yake kaɗawa a wani otal a Sabon Garin Kano yana saurayi, kafin ya gama karatun injiniya, ya samu aikin ruwa a nan Madina, ya ajiye gemu, ya zama Injiniya Abubakar mai sahun gaba. Mu 'yan gida mun san wancan Habun, muka rufe zancen.

Kiɗan bai dame ni ba. Adanar da aka yi wa mutumin ce ta ƙona mini rai. Danginsa ba su yar da ko maɓallin rigarsa ba. A ƙarshen fim ɗin har aka nuno shi kansa na gaske, yana dariya, yana magana da muryarsa. Nan Ruƙayya ta tsayar da hoton. Haihuwar nan ce, tana jin Hausa sarai amma Larabci ya fi zama a bakinta. Ranar kuwa sai ta daure ta yi mini Hausa. "Baffa, Umma ta ce Abuya ya yi irin wannan, kuma kaset ɗinsa suna wurinka. Ni na manta muryarsa."

Tana da shekara tara ya rasu. Mutum ne da ba ya tsayawa a gaban kyamara, wayoyin lokacin kuma ba kowa ne ke ɗaukar magana da su ba. Abin da take nema bai fi ƙarfin kowa ba, kuma haƙƙinta ne.

Kaset goma sha ɗaya ne na kiɗan da ya yi da kansa, a cikin wani kwalin dabino a saman durowar kayansa. Tun daga Kano ya taho da su. Ba ya kunna su a gida. Sai idan aiki ya kai shi wajen Badr duba injinan ruwa, ya bar gari a baya, ya ɗage gilashin mota, sannan zai saka ɗaya ya riƙa buga sitiyari da yatsu. A wancan zamanin haka mai son kiɗa yake yi a ƙasar nan.

Kwana uku da rasuwarsa muna ware tufafinsa don sadaka muka ci karo da kwalin. Wani dattijo cikin mutanenmu na nan ya ce mutumin da Allah ya ba wa Baƙi'a bai kamata a bar masa abin da zai riƙa bin sa kabari ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Babu wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Ni ne da kaina na ga na yi dabara, na ce maimakon a ƙona su, bari in mayar da su sadaka mai gudana. Na samo rediyo mai gida biyu, na yi wuni biyu ina naɗar karatun Alƙur'ani a kansu. Goma na raba wa direbobin da ke kai alhazai ziyara Ƙiblatain da Uhudu, ɗaya na ajiye don albarka. Abin da ya fi ci mini rai yau shi ne ko guda ban tsaya na saurara ba kafin in danna maɓallin naɗa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kiɗa na tashi a shaguna, babu mai waiwayowa. Jikokin wancan dattijon da kansu suke tuƙa mota har Jidda don kallon mawaƙa. Ba fatawa na zo bayarwa ba, malamai suna da maganarsu a kan kiɗa kuma ina ganin girmanta. Amma kaset ɗin nan ba nawa ba ne. Gadon marayu ne, na sa hannu a ciki ban tambayi uwarsu ba, ban jira sun girma ba. Na san dai ba zai yi faɗa ba. Kallona zai yi ya ce, "Ɗanjuma, kai dai ka cika azarɓaɓi," ya ci gaba da shan shayinsa. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na faɗa wa Ruƙayya gaskiya duka, ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in kawo guda ɗayan da ya rage. Na ce karatu ne kawai a ciki, ta ce ta ji, in kawo. Na tono tsohuwar rediyon daga ɗakin ajiya, muka mayar da kaset ɗin zuwa farkonsa.

Sai ga ƙarar jan kujera. Sai ga murya, siririya, ta saurayi, wadda ni kaina na yi shekaru ban ji ba: "To, bismilla. Ɗaya, biyu, uku." Sai ƙas, wato ƙarar yatsana a kan maɓallin naɗa. Sai mai karatu ya fara a'uziyya. Ashe ranar na makara wajen dannawa.

Sau biyar ta mayar da shi baya, ta naɗa a wayarta.

Me ya saura na Yaya Habu? Kabarinsa ba shi da alama, kamar na kowa a Baƙi'a, kuma da hakan ya so. Bututun da ya shimfiɗa suna nan suna kai ruwa gidajen da ba su taɓa jin sunansa ba, ina kuma fata ladan yana isa gare shi. Karatun da na raba, ban san a wace mota ya ƙare ba. Ga 'yarsa kuwa, abin da na bar mata shi ne uban da ya yi bismilla, ya ƙirga zuwa uku, ya ɗaga hannu zai kaɗa.

Da ta tashi tafiya ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta ce, "Baffa, wace waƙa ce zai yi?"

Na ce mata ban sani ba.