Ƙafafun Keken Babaji

Duk wanda ya yi aiki da Babaji a ma'aikata zai gaya maka mutumin kirki ne. Gaskiya ne kuwa, sai dai kirkin nan bai taɓa tsinana wa kowa komai ba. Ya yi shekara da shekaru yana kula da sito, bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba. Ka zo mashi da buƙata, sai ya gyara zaman hula ya ce, "To, bari mu gani." Har ya yi ritaya ana ganin nan. Ranar walimar sallamarshi aka yi ta yabo, wai bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. To ta ina zai ɓata, mutumin da ko shayi aka tambaye shi da madara ko babu sai ya ce a yi yadda aka ga ya dace?

Ya koma gidanshi a Ƙofar Kwaya da tumbi tirtsitsi, ga jiri yana ɗibarshi in ya miƙe. Likita ya auna shi, ya sake aunawa, ya cire tabarau ya ce, "Baba, ba wasa nake ba. Jini ya hau, sukari ya hau. In ba ka motsa jikin nan ba, wata rana ɓarin jikinka zai shanye."

Maganar ta shige shi, don Babaji matsoraci ne na gaske. Matarshi Tani ta ce, "Malam, ai abin da sauƙi. Ka riƙa takawa zuwa Ƙofar Sauri kana dawowa."

"Ni? Da ƙafa? A ce fansho ya ƙi fitowa Babaji ya fara zarewa?"

Sai ya sayi keke. Ba irin na masu kai itace ba, a'a, keken hawan duwatsu ne na gwanjo, mai giya barkatai da taya kamar ta babur. A Katsina fa, garin da ke shimfiɗe kamar tabarma! Ranar farko ya hau da babbar riga, ya faɗa wani ramin titi, ƙafar baya ta lanƙwashe a ƙarƙashinshi, ta gaba ma ta koma rawa. Ya turo abinshi gida yana haki, ya jingine a zaure. Keke dai lafiya lau, ƙafafu biyu kawai yake so.

To, nan Babaji ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinshi, don mutum biyu ne ke da ƙafafun keke a hannu, kuma duka nashi ne.

Na farko Gideon, maƙwabcinshi, wanda ya zo daga Filato tun yana saurayi ya kafa rumfar gyaran keke a bakin layi. Shi da hannu yake saƙa ƙafa. Ya zaɓi wili, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, ya zaɓi wayoyi masu kauri, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya yana juyawa yana kashe ido guda, yana kuma cika baki cewa ƙafar da ya saƙa ko raƙumi ya hau ba ta lanƙwasa. Aikinshi na da kyau, amma ka ba shi da rani ka karɓa da damina. Tsakaninshi da Babaji kuwa, shinkafar Kirsimeti da naman layya sun daɗe suna ƙetare katanga.

Na biyu Bashir, mijin Jamila, ɗiyar Babaji ta fari, wadda ko sunanta ba ya faɗi don kunya. Bashir na da shagon kayan keke a kasuwa, yana sayar da ƙafafu 'yan kamfani, a kwali, sai sheƙi suke. Yau ka saya, yau ka ɗaura ka hau.

Da yamma Gideon ya leƙo zaure ya dubi keken ya girgiza kai. "Malam Babaji, jiki irin naka ba na ƙafar kwali ba ne. Wayoyinsu kaɗan ne, ɗaya ta tsinke sai ka nemi irinta ka rasa. Mu je wurin masu hatsi a ɗora ka a sikeli, in saƙa maka daidai nauyinka."

Babaji ya hango kanshi a tsaye kan sikelin gero, 'yan dako suna kallo. Sai ya ce, "In sha Allahu, taka zan ɗauka."

Washegari Bashir ya zo gaisuwa, ya durƙusa nesa, kai a ƙasa. Bayan an tambayi gida da kasuwa da gajiya, ya ce, "Baba, na ji abin da ya faru. Akwai wasu masu kyau da suka iso, inji ne ya ɗaure su, ba kuskure. Ba nauyi, kuma ba jira. Na ware maka."

Suruki ya durƙusa a gabanka ya ce ya ware maka, ka ce mashi me? Babaji ya dubi bango ya ce, "Madalla. In sha Allahu, su zan ɗauka."

Tani na jin su daga tsakar gida. Da baƙo ya tafi ta fito tana tafa hannu. "Oh ni Tani! Keke ɗaya, ƙafa huɗu? Malam, mota za ka haɗa?"

Ya ce ita ba ta san zaman duniya ba. In ya ɗauki na Bashir, unguwa za ta ce ya watsar da maƙwabcin shekaru don ba addininsu ɗaya ba. In ya ɗauki na Gideon, ya nuna wa duniya kayan surukinshi ba su da kyau, yarinyar nan ta ji kunya a ɗakinta. Ta ce to ya sa ɗaya gaba ɗaya baya. Ya ce wa za a ba baya? Kai, Babaji!

Gideon ya gama saƙa, abin mamaki, ya rataye ƙafafun a rumfa inda kowa zai gani. Bashir ya aiko da saƙo ta bakin Jamila, Jamila ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya wa Malam. Shi kuwa sai ya shiga ɓuya. Masallacin da yake takawa ta gaban rumfar Gideon, ya daina bi, ya koma na ƙofar gida. Kasuwa ya daina zuwa kada ya yi kiciɓis da suruki. Ɗan tattakin da ya rage mashi a duniya, shi ma ya ajiye. Ya zauna a ɗaka yana tunani, tunani kuwa na sa shi yunwa, sai a kawo fura da sukari. Kaji suka mai da keken zaure wurin kwana.

Tani ta yi faɗa, ta yi lallashi, har kuka ta yi. Ta ce, "Malam, tsoro nake ji. Likita bai ce ka zaɓi ƙafa ba, cewa ya yi ka motsa." Ya ce ta kwantar da hankalinta, bayan Sallah zai yanke shawara. Sallah ta wuce, ya ce bari damina ta ɗauke.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunshi na dama. Ya buɗe baki zai kira Tani, maganar ta ƙi fita.

Da aka sallamo shi daga asibiti, hannu da ƙafar dama ba sa motsi, baki ya karkace, aka ce a riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi. Ranar da za a fara zuwa, Tani ta ji sallama biyu a zaure. Bashir ne da keken guragu sabo fil, ko ledar ba a cire ba. Ga Gideon da nashi, wanda ya sa aka yi wa walda, ya saƙa ƙafafun da hannunshi, idonshi jawur don bai ji daɗin ganin abokinshi haka ba. Aka tallabo Babaji aka tsai da shi a tsakani.

Gideon ya ce, "Malam Babaji, wanne za ka hau?"

Bashir ya durƙusa ya ce, "Baba, duk wanda ka nuna."

Babaji ya dubi wannan, ya dubi wancan. Hannun hagu lafiya lau yake, da ya so da ya nuna. Bai ɗaga shi ba.

Tani ta ja mayafi ta ce, "Ku ɗora shi kan wanda ya fi kusa da ku, don Allah. Mai Napep na jira."

Aka ɗora shi. Hawaye na bin gefen bakin da ya karkace, Tani na share mashi da bakin mayafi tana nata kukan. Amma ni da na san Babaji, wallahi har da sauƙi ya ji a ranshi, don ba shi ya zaɓa ba.